Keken lantarki a dajin farauta: a ajiye shi a bakin hanya, a ƙarasa da ƙafa

Wani bidiyon talla ne yake ta zuwa mini a Facebook. Bature ne ɗan Amurka, sanye da kayan saje masu launin ganye, bindigarsa a ɗaure a kan keke, yana hawa wani tudu mai duwatsu kamar wanda ke tafiya a kan kwalta. Tayoyin keken sun kusa kai na babur kauri, ga batir a maƙale a jikin ƙarfen tsakiya, yana kuma jan wata 'yar tirela a baya. Can sai ga shi ya dawo da cinyoyin wata ƙatuwar dabba a cikin tirelar, ko zufa babu a goshinsa. Abu biyu mai tallan yake alfahari da su: keken zai kai ka inda sauran mafarauta ba sa iya zuwa, kuma dabba ba za ta ji zuwanka ba.

Abin da suke alfahari da shi shi ne abin da ya dame ni. Wurin nan da sauran mafarauta ba sa iya zuwa, ai nan ne dabbobin suka koma suka fake. In kowa ya iya zuwa, ina za su koma kuma?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mafarauci ya hau duk abin da ya ga dama, mota ko babur ko keke, ya bi hanyar da aka buɗe wa ababen hawa har ƙarshenta. Daga nan sai ya sauka. Keken da ke da batir da inji hukuncinsa hukuncin babur ne, ko da an maƙala masa feda guda goma. Tsofaffi da masu lalura a ba su izini na musamman. Sauran jama'a kuwa su taka sayyada.

Yadda rigimar take a Amurka

A can wannan magana ta kai ga ofisoshin gwamnati, don yawancin farautar da ake yi a yammacin ƙasar a filayen gwamnati ake yin ta. Hukumar kula da filaye ta BLM tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, hukumar gandun daji kuma kimanin eka miliyan 193. A cikin waɗannan dazuzzuka akwai hanyoyin mota, akwai na babur, akwai kuma waɗanda aka ce ba a shiga da inji, sai dai ƙafa ko doki ko keken feda. Akwai ma yankunan da dokar 1964 ta keɓe, inda ko keken feda ba a yarda ya shiga ba.

Sai keken lantarki ya shigo, aka rasa layin da za a sa shi. Masu ƙera shi sun raba shi gida uku. Na farko injinsa ba ya aiki sai kana taka feda, kuma yana daina taimakonka in ka kai gudun kilomita 32 a awa. Na biyu yana da totur, ko ba ka taka ba zai tafi. Na uku sai ka taka, amma yana kai ka har kilomita 45 a awa. Ƙarfin injin da doka ta yarda a kira shi keke bai wuce wat 750 ba.

A watan Agusta na 2019 sakataren harkokin cikin gida na lokacin, David Bernhardt, ya ba da umarni cewa hukumomin da ke ƙarƙashinsa su buɗe wa keken lantarki hanyoyin da keken feda yake bi. Da aka fitar da ƙa'idojin a 2020, sai aka bar wa jami'an kowane yanki su yanke hukunci. Hukumar gandun daji kuwa, da yake ita tana ƙarƙashin ma'aikatar noma ne, ta tsaya a kan cewa keken lantarki abin hawa ne mai inji, kuma ta sake tabbatar da haka a 2022. Shi ya sa mutum zai iya kasancewa a kan doka a wannan gefen tsauni, ya tsallaka ɗaya gefen ya zama mai laifi. Su kansu mafarautan kansu ya rabu. Ƙungiyar Backcountry Hunters & Anglers, wadda mafarauta da masunta ne suka kafa ta, tana cikin masu cewa kada a buɗe wa injin batir hanyoyin da aka hana inji.

Ina tare da hukumar gandun daji a nan.

Gajiya ma shinge ce

Wat 750 kusan ƙarfin doki ɗaya ne a lissafin masu inji. Mutum mai lafiya da ke tuƙa keken feda da wuya ya riƙe wat 200 na tsawon awa guda bai sassauta ba. Wato wanda ya hau keken lantarki ya ɗora wa ƙafarsa ƙarfin mutum uku ko huɗu waɗanda ba sa haki, ba sa jin ƙishirwa. Kekunan da ake ƙerawa musamman don farauta ma, irin su QuietKat da Bakcou da Rambo, wasunsu injinsu ya wuce haka.

To mu yi ɗan lissafi. A ce mafarauci ya bar motarsa da asuba, ya yi tafiyar kilomita 5 a ƙafa, ya san cewa in ya yi sa'a sai ya dawo da nama a bayansa. Ba zai so ya wuce haka sosai ba. Dabbar da suke kira elk, wata irin ƙatuwar barewa ce, namijinta yakan haura kilo 300. Ko an feɗe an cire ƙashi, naman ba ya ɗaukuwa a sawu ɗaya. Sai an yi ta kai da komo da jaka a baya, a kan tudu, cikin sanyi. Wannan wahalar ce take sa yawancin mutane su tsaya kusa da hanya. Idan keke ya mayar da kilomita 5 ɗin nan suka zama 15, to da'irar dajin da mutum ɗaya zai iya taɓawa ta ninka sau tara, ba sau uku ba.

Babu wanda ya rubuta a takarda cewa can cikin ƙurmi mafakar dabbobi ce. Nisa ne ya rubuta, gajiya ta sa hannu. Hukumomin daji a Amurka sun san da haka, shi ya sa suke sa ƙofar ƙarfe su rufe tsofaffin hanyoyin masu yankan katako a lokacin farauta, don dabbobi su sami inda za su yi kiwo hankali kwance. Keken lantarki yana raɓawa ta gefen ƙofar ya wuce abinsa.

Akwai wani dajin bincike a jihar Oregon mai suna Starkey, wanda aka kewaye da waya, aka sa wa dabbobi na'ura a wuya ana bin motsinsu. An gwada wucewar mai babur mai ƙafa huɗu, da mai keken feda, da mai doki, da mai tafiya a ƙasa. Dabbobin sun fi gudu da tashin hankali daga mai babur, sai mai keke ya biyo baya, sannan masu ƙafa da masu doki. Keken feda ke nan, wanda mai shi yake gajiya ya koma gida.

Ai ba ya ƙara, ba ya hayaƙi

Wannan ita ce hujjar da aka fi maimaitawa, kuma gaskiya ce. Keken lantarki ba ya damun mai yawon shan iska, ba ya barin warin fetur, ba ya farfasa ƙasa kamar babban babur. Idan maganar zuwa kasuwa ce ko makaranta, ni ne na farko da zan yabe shi.

Amma a farauta shirun nan amfanin wa yake yi? Ƙarar salansa gargaɗi ce. Barewa tana jin babur tun yana nesa, ta ɗaga kai, ta kama gabanta. Abin da yake tafe da saurin babur amma da shirun mai sanɗa ya ƙwace mata wannan gargaɗin. Masu tallan ma ba su ɓoye ba, da shi suke sayar da hajarsu. Ba zai yiwu a gaya wa mai saye cewa dabba ba za ta ji zuwansa ba, sannan a juya a gaya wa hukuma cewa abin ba ya canja komai a daji.

To doki fa? Bindiga fa?

Wani zai ce ai doki ma yana kai mutum nesa, yana kuma ɗauko nama, kuma ba a hana shi ba. Haka ne. Sai dai doki yana cin abinci kullum, ko ana farauta ko ba a yi. Yana son harawa da dusa da mai kula da shi, yana ciwo, yana tsufa. Saboda haka masu shiga daji da doki ba za su taɓa yin yawa ba. Keken lantarki kuwa a jingine shi a zaure wata goma, ranar da ake so a sa masa caji. Matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce da ya kai ƙurmi. Matsalar ita ce ranar da mutum ɗari suka kai.

Wata hujjar ta fi wannan ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. A Amurka ba a harbi sai da lasisi, kuma lasisin yana faɗin dabba nawa, wace iri, a wane yanki, cikin waɗanne ranaku. To in an riga an ƙayyade yawan abin da za a kashe, me ya dame mu da yadda mutum ya isa wurin?

Amsar tana cikin yadda ake lissafin lasisin. Hukuma tana bayar da shi ne bisa sanin cewa mafi yawan waɗanda suka karɓa za su dawo hannu rabbana. Idan kayan aiki suka sa masu dacewa suka ƙaru, dole a rage yawan lasisi ko a gajarta kwanaki. Wa zai yi asara? Wanda ba shi da dubban dalolin sayen keken. Sannan dabbobin da aka matsa wa lamba a filin gwamnati sukan tsallaka gonakin masu kuɗi, inda talaka ba shi da ikon shiga. Ƙarshenta dajin da aka ce na kowa ne ya zama fanko, naman yana bayan wayar attajiri.

Su Amurkawan sun daɗe da sanin cewa hanyar isa wurin dabba tana cikin hukuncin farauta. Ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887 ta gina sunanta ne a kan cewa dole a bar wa dabba damar tsira. A jihar Alaska, ga yawancin manyan dabbobi, an hana mutum ya yi harbi a ranar da ya sauka daga jirgin sama. Jirgin ba shi ne ke kashe dabbar ba, amma an gane abin da yake ragewa.

Mu mun riga mun ga ƙarshen wannan hanya

Abin da ya sa ban ɗauki wannan a matsayin rigimar Turawa kawai ba shi ne abin da taya da inji suka yi a Sahel. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, ta yi dubban shekaru tana kiwo daga Nijar zuwa Chadi, ana farautarta da raƙumi da doki da tarko, ba ta ƙare ba. Da mota mai shiga rairayi ta haɗu da bindiga mai sarrafa kanta, ga fari ga yaƙi, cikin 'yan shekaru aka share ta. A shekarar 2000 aka ayyana cewa babu ita a daji ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka fara dawo da waɗanda aka kiwata a tsare, aka sake su a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi, da kuɗi masu yawa da jiragen sama.

'Yar'uwarta ta cikin hamada, adaks, a yankin Termit da Tin Toumma na Nijar ta sami mafaka ta ƙarshe, saboda wurin ya yi wa kowa nisa. Da aikin mai ya buɗe hanyoyi motoci suka shiga, binciken da aka yi a 2016 guda uku kacal ya gano. 

Ban ce keken batir motar soja ba ce. Amma darasin ɗaya ne: dabbobin nan ba ƙarfin doka ne ya raya su ba, wahalar kai musu ce.

Ko a nan gida, a tambayi duk wani tsohon maharbi. Zai lissafa maka gwanki da kanki da mazo da ɓauna a dazuzzukan da yau in aka fita gayya, da karnuka da gora da kiɗa da kirari, sai a dawo da zomo biyu da gafiya da 'yan zabin daji, a yi ta faɗa a kan wanda karensa ya fara kamawa. Noma ya ci daji, gaskiya ne, masu gawayi da itace sun ci nasu. Amma babur ma ya ci rabonsa, don shi ya mayar da tafiyar kwana biyu ta zama ta hantsi. Shi ya sa yanzu mafarautanmu suke cika mota su nufi jihohi masu nisa.

Farautar gargajiya tana da nata birki da ba a rubuta ba. Ana yin ta da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Da damina ta sauka kowa ya koma gona, ciyawa ta rufe daji, dabbobi su sami sararin haihuwa. Abin da mutum zai kashe kuma bai wuce abin da zai iya saɓawa a kafaɗa ya kai gida kafin ya lalace ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun raba: farauta don buƙata halal ce, farauta don wasa makaruhi ce. Wanda ya yi tafiyar yini a ƙasa da wuya ya harbi abin da ba zai ci ba.

Ai mu ba mu da irin wannan keken

Muna gab da samu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa wuce 1,000, baburan lantarki suka fara yawa a titunanmu. Wannan alheri ne ga ɗan acaɓa da ma'aikaci da ɗalibi. Amma a lura da abu ɗaya. Tsadar mai ta zama wani birki ga mai shiga daji da babur, don sai ya lissafa ko abin da zai samo zai biya kuɗin tanki. Batir da za a cika da farantin sola a ƙauye ya cire wannan lissafin gaba ɗaya.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa: wace farauta ake magana, alhali Kamuku da Rugu da Sambisa sun daɗe da zama wuraren da ko ma'aikacin gandun daji ba ya shiga yadda ya so? Mafarautan da yawa ma yanzu aikin sa-kai suke yi, suna tsaron garuruwansu. Wanda 'yan bindiga suka hana shi noma ba ya buƙatar wa'azi a kan barewa. Na yarda. Amma akwai Yankari, akwai Falgore, akwai dausayin Hadejia da Nguru da tsuntsayensa, akwai ƙananan dazuzzukan da ke tsakanin ƙauyuka. Kuma abin hawa mai sauri wanda ba a jin zuwansa, ba mai gadin daji kaɗai ya kamata ya yi tunani a kansa ba.

Maganar talauci ma haka. Mafaraucin ƙauye da ke neman na cefane ba shi ne zai fara sayen keken lantarki ba. Wanda zai fara saye shi ne mai kai naman daji kasuwar birni, wanda yake da jari. In ya share dajin ya ƙara gaba, na ƙauyen ne za a bari da karnuka da yunwa.

Inda zan sassauta

Dattijon da ya yi shekara arba'in yana shiga daji, yau gwiwa ta ƙi, ba na son a ce masa ya zauna a gida. Haka wanda ya rasa ƙafa ko yake da ciwon zuciya. Jihohi da dama a Amurka suna da izini na musamman ga mafarauta masu lalura, kuma ba abu ne mai wuya a sa keken lantarki a ciki ba. Amma izini ne mai suna da takardar likita. Saurayin da ke cikin bidiyon nan lafiyarsa ƙalau.

Ɗauko nama kuma, in an riga an yi harbi, yana da hujja mai kyau, musamman a wuri mai zafi inda nama ba ya jira. Zan yarda a shiga da abin hawa a ɗauko, a kan hanyar da take akwai, da tsakar rana, ba tare da makami ba. Ko keken feda ma ban ce a sake masa daji gaba ɗaya ba. Ya bi hanyar da aka ware masa. Abin da ya sa nake masa sassauci shi ne har yanzu cinyar mai shi ce take biyan kuɗin tafiyar, kuma duk wanda ya taɓa tura Raleigh da kaya a kariya cikin yashi ya san iyakarsa.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne dabarar rarrabewa, a ce nau'i na ɗaya ya shiga, na biyu da na uku su tsaya. A takarda tana da kyau. A bakin daji kuwa, mai gadi ɗaya da ke kula da yanki mai faɗin ƙaramar hukuma ta yaya zai gane wat 750 daga wat 1,000 da ido? Takardar da aka liƙa a jiki ana ɓare ta. Iyakar gudun kuma a manhaja take, a wasu kekunan ma mai shi yana iya sauya ta daga ɗan allon da ke gabansa. Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda yaro ma zai iya dubawa: akwai batir ko babu?

A wurinmu ba na jin wannan magana za ta fara daga majalisa. Dokokin namun daji da muke da su ma ba a cika bin su ba. Waɗanda maganarsu take shiga kunnen mafarauci su ne Sarkin Dawa da Sarkin Baka da shugabannin ƙungiyoyin farauta, waɗanda dama su ne suke sa ranar fita, su raba faɗa, su hukunta wanda ya ƙwace naman wani. Su ne za su iya cewa a gayyar bana duk abin hawa, na mai ko na batir, a gindin tsamiyar bakin gari za a ajiye shi, wanda ya shiga da nasa kuma ba shi da rabo a abin da aka kama.